Irin Dawar Inna Yalwa

Ku gyara zama, jama'a, yau ku ne alƙalai, ni nawa ba da labari ne kawai.

A wani ƙauye an yi wata dattijuwa, Inna Yalwa, Allah Ya jiƙanta. Tana da irin wata farar dawa da ta gada wajen kakarta, ranar da aka kawo ta gidan miji a haɓar zane ta ƙullo shi. Duk kaka sai ta zaɓi manyan zangarniyoyi ta rataye saman murhu, hayaƙi ya kore ƙwari. Tuwon dawar nan kuwa, in ta zuba shi a baƙin akushinta ranar Sallah, har maƙwabta sai sun ƙirƙiro dalilin shigowa gaisuwa.

Da ciwon ajali ya kama ta, ta miƙa wa ƙanenta Kawu Jibo akushin, ta ce, "Wanda ya tsare mini irin nan, shi za ka ba."

Babbar 'yarta Tasalla ta ji maganar, abin ya tsaya mata a rai. Tun tana yarinya take ganin Inna ta fi son ɗanta Barau, shi ake ɗebar wa tsokar kaza. Da Barau ya girma kuma sai ga Larai, 'yar ƙanensu marigayi, ta maye gurbin, ita ce 'yar lelen kaka. Tasalla ta ce a ranta, ko sau ɗaya ne sai an ce ita ce ta Inna.

To, ranar sadakar uku hatsi ya kasa. Matan da suka zo taya girki, baƙi ne ba su sani ba, suka ga dawa a rataye, suka sauke ta kaf suka hau sussuka. Tasalla ta fito daga ɗakin makoki an riga an surfe kusan duka, saura zangarniya uku a turmi, taɓarya na sama. Ko salati ba ta ƙarasa ba ta cusa hannu. Taɓarya ta sauka kan yatsunta, biyu suka karye. Amma ta fito da dawar.

Damina ta faɗi, Barau ya shuka ɗan abin nan a wuri mafi kyau na gonarsa. Yabanya ta kai gwiwa, ruwa ya ɗauke kwana ashirin da biyu. Bawan Allah ya bar geronsa yana ƙonewa, ya riƙa ɗauko ruwa a tulu daga rafi, safe da yamma, har gashin tsakar kansa ya zube. Geronsa bai tashi ba, iyalinsa suka shekara da ƙyar. Dawar Inna ta rayu.

Ta fitar da kai, ta fara nuna, sai tsuntsaye jan-baki suka sauko garin kamar hadari. Ihu da kaɗa gwangwani duk a banza. Larai, da ke shirin tarewa gidan miji, ta buɗe akwati ta ɗauko zannuwan aurenta guda huɗu, ta kekketa su, ta bi zangarniya ɗaya bayan ɗaya tana ɗaurewa, yadda ta taɓa ganin kakarta ta yi. Ta tare gidan miji da tsofaffin kaya, dangin miji suna ta yi mata gori. Gonakin garin suka tashi fayau, ban da wannan.

Aka girbe, aka ware iri, aka tuƙa tuwon sadaka. Kowa ya kai loma sai hawaye, Inna Yalwa sak! Kawu Jibo ya fito da akushi ya ajiye a tsakar gida.

Tasalla ta ɗaga karkatattun yatsunta. "Kawu, in ban sa hannu ba, me Barau zai shuka?"

Barau ya ce, "Yaya, abin da kika ceto da ya mutu a ƙasa."

Larai ta sunkuyar da kai. "Gwaggo, da tsuntsu ya cinye wahalarku duka."

Kishi ya turnuƙe Tasalla, ta fashe da kuka. "Kun same ta da rai, ku biyun nan. Ko akushin ma ba za ku bar mini ba?"

Kawu Jibo ya dubi akushin, ya dubi su ukun. Akushi dai ɗaya ne, in an raba shi ya tashi daga aiki. To, ku da kuka ji, Tasalla, Barau ko Larai, wa zai miƙa wa?