Ƙarar da Injiniya Ya Kashe

A layinmu akwai wani mutum da kowa ke kira Injiniya, ko da yake bai taɓa zama a ajin injiniyoyi ba. Aikinsa kula da sito ne a wani kamfanin fenti. Sunan ya manne masa ne saboda duk na'urar da ta shigo hannunsa sai ya kwance ta, takardar bayaninta kuwa shafi biyu na farko kawai yake karantawa. Ba mugu ba ne, ba kuma marowaci ba. Aibinsa guda ɗaya ne: ba ya jure a ga gazawarsa a gaban mutane, ko da gazawar ta wani abu ce da ya saya.

Shi ya fara sa sola, wato wutar rana, a layin. Faranti shida masu tara hasken rana a kan kwano, batir huɗu a ƙarƙashin matakala, da inbata, na'urar da ke rarraba wutar batir ga gida, a jikin bangon falo. Gaskiya abin ya yi amfani. Ya daina bin layin mai da jarka a hannu. Tarin da matarsa ke fama da shi saboda hayaƙin janareta ya tsaya cikin wata guda. Gidan ya yi tsit har ana jin tafiyar agogon bango. Matar tasa, wadda yake kira Malama don tana koyarwa a firamare, ta ce rabonta da barci mai daɗi irin wannan tun tana gidan iyayenta.

Ranar da aka gama haɗawa, Dogo mai sola ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Baba, abu biyu zan roƙe ka. Kada ka rabu da janareta, damina na tafe. Sannan in ka ji inbata na ƙara, tit-tit-tit, ba lalacewa ta yi ba. Batir ne ke gaya maka ya kusa ƙarewa. Sai a rage masa kaya."

Injiniya ya yi dariya. "Kai Dogo, ina kwance rediyo tun kana rarrafe."

"Haka ne, Baba. Amma rediyo ba ta jiran rana."

Kafin wata biyu Injiniya ya ba mai askin bakin layi janareta, ya kuma sa an cire masa wutar kamfani, yana cewa shi da rana suka ƙulla yarjejeniya. Daga nan ya ƙara firiza, ya ƙara injin jan ruwa, ya dawo da dutsen gugan lantarki da Dogo ya ce a ajiye. Duk wanda ya zo gidan sai ya kai shi gaban inbata ya yi masa darasi.

Wata Asabar da yamma, gari ya yini da gajimare, yana tsakiyar yi wa baƙi uku irin wannan darasi sai inbata ta fara: tit-tit-tit. Mai aski na cikinsu, bakinsa kuwa ya fi almakashinsa kaifi. Ya kasa kunne ya ce, "Injiniya, abokiyar yarjejeniyar taka ce ke kuka? Ko in aiko maka da tsohon janaretanka ya lallashe ta?"

Baƙi suka yi ta dariya. Injiniya ma ya yi, amma tasa ba ta wuce haƙora ba. Suna fita ya ɗauko sukudireba, ya buɗe murfin inbata, ya nemo 'yar siririyar wayar da ke kai wuta ga abin da ke ƙarar, ya datse ta da filaya. Ya mayar da murfi. Falo ya koma tsit kamar da.

Malama tana da wasu kaji da ta gada wajen mahaifiyarta. Jajaye ne, masu tukku a ka da gashi har ƙafa. Tsohuwar ta yi shekara talatin tana zaɓen su tana ware su, ba ta bari su haɗu da wasu. A gidan ana kiransu kajin Inna. Bayan rasuwar Inna aka raba tufafi da kwanuka, Malama ta ce ita kajin kawai take so.

Da farkon damina ciwo ya shigo layin. Cikin kwana biyar akurki ya zama wayam. Malama ta binne ta ƙarshe da hannunta a bayan gida, ba ta yi kuka ba. Abin da ya rage mata ƙwai arba'in da biyu ne da ta tara a kwando kafin ciwon ya iso. Ta aro injin ƙyanƙyasa wajen wata abokiyar aikinta, ta ajiye shi a ƙaramin ɗakin da ke bayan kicin. Injin akwati ne mai gilashi a gaba, yana riƙe ƙwai da ɗumi irin na cikin kaza. Kwana ashirin da ɗaya ake bukata, kuma ɗumin bai kamata ya yanke ba.

Kafin ta jera ƙwan ta tsaya a ƙofar falo ta ce, "Maigida, wutar nan za ta riƙe kwana ashirin da ɗaya? In ba za ta riƙe ba, in kai su gidan Yaya, suna da janareta."

"A ce matar Injiniya ta ɗauki ƙwai ta kai gidan wani neman wuta? Ko shekara ashirin da ɗaya ce za ta riƙe."

"Ƙarar nan da take yi fa? Na kwana biyu ban ji ta ba."

Bai ɗago daga wayarsa ba ya ce, "Na gyara."

Ta yarda. Ta rubuta lamba a jikin kowane ƙwai da fensir, ta manna takarda a ƙofa tana soke kwana ɗaya kullum. Safe da yamma takan leƙa, ta ga lambobin ɗumi suna ci a fuskar injin, ta ja ƙofa a hankali kamar akwai jariri a ciki.

A kwana na goma sha bakwai hadari ya rufe gari, ya ƙi tafiya. Ba ruwa mai ƙarfi ba ne, yayyafi ne mai naci, sama ta yi fari fat kamar an shafa mata toka. Wanki ya ƙi bushewa. Injiniya kan fita tsakar gida ya ɗaga kai, ya dawo ya tsaya gaban inbata. Akwai wata 'yar fitila ja da ke ƙiftawa a gefenta. Ya jawo kalanda ya rataya a kanta.

Ranar kwana na goma sha tara, Malama ta fita makaranta da ƙarfe bakwai. Injiniya yana da taro a wurin aiki, rigarsa kuma ta yi danshi. Ya jona dutsen guga, minti goma kawai, in ji shi. Ya sa riga, ya kulle gida.

Da ƙarfe biyu da rabi wayarsa ta yi ƙara.

"Maigida, ba wuta." Muryar Malama a daidai take, abin da ya fi tsorata shi ke nan. "Injin ya mutu. Gilashin ya yi sanyi. Tun yaushe?"

"Ina zuwa. Kada ki taɓa komai."

"Na ce tun yaushe?"

Ya hau babur cikin yayyafi, rigar da ya goge ta manne masa a baya. Bai nufi gida ba, shagon mai aski ya fara tsayawa.

"Janareta! Don Allah ara mini shi na awa biyu."

Mai aski ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskarsa, ya fasa. Ya nuna lungu da tsinin almakashi. Janaretan na can a kwance, cikinsa a buɗe. "Sati biyu ke nan yana jiran makaniki. Wallahi da yana tashi da ni zan ɗauka maka."

Ya kira gidan Yaya, wato wan Malama, aka ce ya yi tafiya, kuma makullin ɗakin janareta na aljihunsa. Ya kira Dogo sau uku kafin ya ɗauka. Dogo na wani aiki a ƙarshen gari, ya ce zai zo da batirin aro, amma hanya ta cika da ruwa.

A gida ya tarar da Malama a durƙushe gaban injin. Ta dafa ruwa a risho, ta ɗura a kwalabe, ta naɗe su da tawul ta jera a gefen ƙwan, ta lulluɓe akwatin da bargo biyu. Tana taɓa kwalba da bayan hannu, tana taɓa ƙwai, don in zafi ya yi yawa ma kisa ne. Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta kai kunne. A irin wannan kwana akan ji ɗan tsako na motsi a ciki, wani lokaci har da 'yar ƙara. Ta daɗe tana saurare. Ta ajiye shi, ta ɗauki wani.

"Akwai motsi?" in ji shi.

"Riƙe mini murfin nan," in ji ta.

Haka suka zauna. Kwalabe na hucewa, tana sakewa. Shi kuwa yana zarya tsakanin ƙofar gida da tsakar gida, yana duban sama kamar zai ga wata kafa a jikin gajimaren. Ƙarfe huɗu ta wuce. Ƙarfe biyar ta wuce.

Dogo ya iso da kusan shida, jiƙe sharkaf, da batir biyu ɗaure a bayan babur. Bai gaisa sosai ba. Ya cire firiza da injin ruwa daga kan wuta, ya haɗa injin ƙyanƙyasa shi kaɗai. Lambobi suka dawo, suna hawa a hankali. Malama ta sauke numfashi ta zauna a ƙasa.

Sai Dogo ya cire kalandar da ke jikin inbata, ya danna wasu maɓallai yana karanta abin da na'urar ta adana.

"Baba, yau inbata ta ɗauke tun takwas saura. Amma ba yau ta fara ba. Kwana tara ke nan tana ɗaukewa kafin asuba, awa biyu, wani lokaci uku, sai gari ya waye ta tashi da kanta. Batiran sun gaji, an sha tatse su har ƙasa. Ai ya kamata ƙararta ta hana ku barci."

Malama ta ce, "Ba ta ƙara. Ya gyara."

Dogo ya kwance murfin. 'Yar wayar na nan a lanƙwashe, bakinta a datse tsaf. Ya dube ta, ya yi sauri ya mayar da murfin. Amma Malama na tsaye a bayansa, ta riga ta gani.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na tambaye ka, Injiniya." Wannan ne karo na farko da ta kira shi da sunan da 'yan layi ke tsokanarsa da shi. "Da ka ce mini ba ka sani ba, da a ka zan ɗauke su in kai gidan Yaya."

Kwana na ashirin da ɗaya ya zo, rana ta fito tarwai, farantai suka cika batiran aro kafin azahar. Ƙwai uku suka fashe. Washegari ɗaya ya ƙaru. Malama ta ƙara kwana biyu tana jira, sannan ta kashe injin, ta kwashe talatin da takwas ɗin da suka rage, kowanne da lambarsa ta fensir, ta binne su kusa da iyayensu.

'Yan tsaki huɗun sun rayu. Ta rene su a kwali, suka yi tukku, suka yi gashin ƙafa, jajaye sak kajin Inna. Tana ta addu'a ko ɗaya ta zama mace. Da suka kai wata huɗu, wata safiya na farko ya miƙe wuya ya yi cara. Kafin sati ya zagayo duka huɗun sun yi. An haɗa su da kajin kasuwa, 'ya'yan suka fito wasu da tukku ba gashin ƙafa, wasu farare, wasu wake-wake. Irin da Inna ta yi shekara talatin tana tsarewa ya tsaya a kan zakaru huɗu.

Injiniya ya sa Dogo ya haɗa wayar nan da hannunsa, ya sayi ƙaramin janareta ya ajiye, ya mayar da dutsen guga cikin kwali. Solar na nan tana aiki lafiya, tarin Malama bai dawo ba. Ya daina kai baƙi gaban inbata. Kullum kafin gari ya waye, daidai lokacin da wutar ta riƙa ɗaukewa ba wanda ya sani, zakarun huɗu kan tashi a ƙarƙashin tagarsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa cewa ko a matsar da akurkin can baya. Malama ta ce a nan za su zauna.

Darasin wannan labari a fili yake. Wutar rana alheri ce: ba hayaƙi, ba hayaniya, ba layin mai. Amma tana da iyaka, domin gajimare na rufe rana, batir kuma na gajiya, don haka mai hankali kan auna kayan da ya ɗora mata, ya kuma tanadi abin da zai dogara da shi ranar da sama ta rufe. Sola ba ta yaudari Injiniya ba, ta yi ta gargaɗi shi ne ya yanke mata murya don kada a yi masa dariya. Duk wanda ya kashe gargaɗi bai kashe haɗarin ba, ya dai hana kansa da na kusa da shi ji ne. Idan kuma wani ya ɗora abin da ba shi da madadi a kan maganarka, to faɗin "ban sani ba" ya fi "na gyara" ta ƙarya sau dubu.