Makin da Malam Haladu Ya Ƙi Ƙarawa

An taɓa yin wani mutum a wani gari, tun da daɗewa, wani bawan Allah malamin firamare, ana ce masa Malam Haladu. Tsufa ya fara kama shi, gwiwoyi sun gaji, murya ta dushe. Ku saurara, jama'a.

A ajinsa akwai wani yaro, Lurwanu. In lissafi ne, kafin Malam ya ajiye alli yaron ya ba da amsa. Amma a karanta masa labari a ce, "Me ya sa mutumin nan ya yi haka?" sai ya yi tsuru-tsuru, ya sunkuyar da kai.

Aka yi jarrabawar zaɓen waɗanda za a tura makarantar haziƙai, Malam Haladu ne mai dubawa. A lissafi ba wanda ya kamo ƙafar Lurwanu. A fahimtar magana kuwa, ya faɗi warwas.

Hedimasta ya kira Malam Haladu. "Malam, ka ɗan ƙara masa maki. Wa zai sani?"

"Ranka ya daɗe, in na ƙara, can za su ɗauka ya iya. Ba wanda zai zauna da shi."

Uban yaron ya zo ya roƙa, roƙo ya koma faɗa. "Malam, kai ka tare wa ɗana hanya."

Malam ya ce, "A bar mini shi zuwa baɗi."

To, nan aikin yake. Kullum an tashi, rana tsaka, ga yunwa, sai su zauna a baranda. Malam ya karanta layi ɗaya, ya ce, "Faɗa mini da bakinka." Shiru. Ya jira. Ya sake karantawa, ya sake jira. A hankali ya lura in an bar yaron ya zana labarin a ƙasa, wannan ya fara, wancan ya biyo, sai bakinsa ya ɗan buɗe. Wata rana a samu magana, wata rana a tashi ba komai.

Malam ya taɓa ce wa matarsa, "Wallahi na gaji."

Ta ce, "To ka bari mana, Malam."

Washegari ya koma barandar.

Da shekara ta zagayo, Lurwanu ya haye, da ƙyar, amma da makinsa na kansa. Uban bai zo godiya ba. Malam bai nema ba.

'Yan'uwa, na gaji da jin iyaye suna cewa "ɗana daƙiƙi ne" saboda jarrabawa ɗaya. Wasu kuma su bi ta bayan gida a gyara sakamako. Duka biyun gudun wahala ne. Allah yakan buɗe wa yaro wani fanni ya jinkirta masa wani, kuma gaskiya da haƙuri ake bin ku a kansa. In kun koma gida yau, ku tambayi yaronku abu ɗaya, ku yi shiru, ku jira har ya amsa.