Walimar Ɗanyen Gero

A shekarar da hatsi ya yi tsada, Hakimi ya ce duk mai mudun gero a ɗaka ba talaka ba ne, babu shi a rabon tallafi.

Gwaggo Tsahara, mai mudu ɗaya tak, ta dire masa akushi a gaban jama'a.

"Ranka ya daɗe, tunda na yi arziki, ga walima."

Ya buɗe, sai ga ɗanyen gero.

"Haba Gwaggo! Ina tuwon, ina miyar?"

"Ai itace da ruwa da kuka ba sa cikin awonka."

"To wannan ai yunwa ce!"

"Kun dai ji, jama'a," in ji Gwaggo. "Ga mutum da mudu a gabansa yana kukan yunwa. A fara rabon da shi, ni in bi baya."