Keken Da Saja Mika Ya Ce Na 'Yarsa Ne

Akwai wani tsohon soja a garin Zuru, sunansa Mika, amma kowa Saja yake ce masa. Mutum ne ƙato. In ya zauna a gefe ɗaya na bencin mai shayi, waɗanda ke ɗaya gefen sai su riƙe kofunansu da kyau. Tun da ya ajiye kaki jikin ya ƙara buɗewa, domin matarsa Saloma ba ta rowar tuwo, shi kuma ba ya mayar da kwano da saura.

Duk unguwar ana shakkarsa. Shi kuwa abu ɗaya yake tsoro a duniya, ɗakin yayansa Dodo.

Dodo ƙato ne kamarsa. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaura takalmi, ɓarin jikinsa ya shanye. Tun daga ranar yake kwance, sai an juya shi, sai an ba shi abinci a baki. In ya yi magana, sai matarsa ta fassara wa mutane abin da ya ce. Duk ranar da Mika ya je gaishe shi, in ya dawo gida ba ya iya haɗiye ko loma.

Ana nan, wata Lahadi a coci, ana tsaye ana waƙa, Mika ya ji jiri ya ɗebe shi, ƙeyarsa ta yi nauyi kamar an aza masa dutse. Washegari Saloma ta tasa shi gaba sai asibiti.

Likita ya auna shi, ya sake aunawa. Sai ya tambaya ko akwai mai hawan jini a danginsu. Mika ya ambaci Dodo. Likita ya ce to, hanyar da yayansa ya bi ita yake kai, kuma ya yi nisa. Ya rubuta magani, ya hana shi gishiri da maiƙo, ya ce dole ya riƙa motsa jiki kullum. Da Mika ya ce gwiwoyinsa ba sa jure doguwar tafiya, likita ya ce ai da sauƙi, ya sayi keke.

Mika ya ce to.

Ga abin da ko Saloma ba ta sani ba. Saja Mika bai taɓa hawa keke ba a rayuwarsa. A ƙauyen kan dutse aka haife shi, inda jaki ma sai ya yi tunani kafin ya hau. Daga can sai soja, aka ɗora shi kan tuƙin babbar mota. Ya iya juya motar da ta ɗauki bataliya, amma abin da yaran firamare ke yi suna cin gyaɗa, shi bai iya ba.

Sai matsala ta biyu. Babban mai sayar da kekuna a kasuwa shi ne Prosper, ƙanin Saloma uwa ɗaya uba ɗaya.

Kun dai san yadda ƙanin mata yake da mijin yayarsa. Abokin wasa ne. Zai tsokane ka a gaban jama'a, ya kira ka rago, ya ce sadaka aka ba ka matar, kuma ba ka da ikon yin fushi. In ka yi fushi, kai za a yi wa dariya. Prosper kuwa ya riƙe wannan al'ada kamar aikin gwamnati. Shi kaɗai ne a Zuru yake shafa tumbin Saja a tsakiyar kasuwa ya tambaye shi yaushe ne haihuwa.

Zuwa wani shago ba zai yiwu ba, domin duk masu keke a layi ɗaya suke, kuma Saloma za ta ji cewa an tsallake ɗan'uwanta. Sai Mika ya kwana yana saƙa, ya tashi da dabara.

Ranar Asabar da safe ya isa shagon. Prosper na hango shi ya fara.

"A buɗe hanya, ga tirela nan ba birki. Saja, me aka zo saya? Taya ce ta fashe?"

Mika ya haɗe fuska ya ce keke yake so.

"Na wa?"

"Na Divine. Makaranta ta yi mata nisa."

Divine 'yarsa ce, siririyar yarinya kamar sillen kara. Da jin sunanta Prosper ya bar wasa, ya shiga ciki da murna, don yana ji da 'yar yayar tasa. Ya wuce manyan baƙaƙen kekuna irin na manoma, ya fito da wani ɗan keken gwanjo ruwan hoda, mai siraran tayoyi da ɗan ƙaramin sirdi da kwando a gaba. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya don Mika ya ga rashin nauyinsa. Ya ce wannan daidai ita, ko iska ta tura shi zai tafi.

Mika ya dubi keken, ya saci kallon baƙaƙen da ke jingine. Bakinsa ya buɗe zai yi magana. Sai ya ga maƙwabtan shagon sun zubo ido suna jiran wasan da za a yi. Ya rufe bakinsa, ya karɓi keken yarinya.

Bai kai shi gida ba. Ya bi ta bayan gari ya ɓoye shi a bukkar gonarsa da ke gindin dutse. Bayan la'asar ya ce wa Saloma zai je gaishe da wani aboki. Wayarsa ma ya bar ta a ɗaki, don kada wani ya kira ya tambaye shi yana ina.

A gona ya fara gwaji a fili. Da ya zauna, sirdin ya ɓace a ƙarƙashinsa, tayoyin suka baje, keken ya yi wani ƙara kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. In ya ɗaga ƙafa ɗaya sai ya karkata. In ya ɗaga ɗayar sai ya karkata can. Gumi ya jiƙa shi, ko taku ɗaya bai ci ba.

Sai tunanin direba ya zo masa. Mota in ta ƙi tashi, ai gangare ake kai ta a sake ta. Ya ja keken ya hau da shi 'yar hanyar da ta sauko daga kan dutse ta ratsa gonakin dawa.

Gangaren nan na san shi. Ni admin ɗinku, mai ba ku labarin nan, na taɓa sauko shi ba hannu ina shan rake, amma ni daban ne, kada wani ya gwada.

Mika ya zauna, ya ɗaga ƙafafu, ya saki.

Da farko har murmushi ya yi, domin keken ya miƙe bai karkata ba. Kafin murmushin ya gama fita, dawa ta fara wuce shi da gudu ta kowane gefe. Ya damƙe birki. Birkin da aka yi don tsayar da yarinya ya yi ɗan kuka, ya bar shi da Allah. Ya ji wayoyin wilin baya suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, tas, tas, kamar harbi daga nesa. Ya ga kwanar da hanya ta lanƙwasa, ya ga kwazazzabon da ruwan damina ya haƙa a gefenta. Wilin ya naɗe a ƙarƙashinsa.

Da ya buɗe ido, a cikin kwazazzabo yake, rigingine, ganyen dawa ya rufe sama. Ya yi yunƙurin tashi. Hannunsa na hagu bai amsa ba. Ya umarci ƙafar hagu ta motsa, ita ma shiru, kamar ba tasa ba.

Ɓarin hagu. Ɓarin da ya shanye wa Dodo ke nan.

Ya kira sunansa da kansa don ya ji ko harshensa ya karye. Muryar ta fito a shaƙe, bakinsa cike da ƙasa da jini, bai iya gane ko daidai take ba. Ya ga kansa kwance a ɗaki mai warin fitsari. Ya ga Saloma tana share masa yawu, tana gaya wa baƙi abin da yake nufi. Mutumin da harsashi bai sa shi kuka ba, sai ga hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

Kuma babu wanda ya san inda yake. Da hannunsa ya toshe kowace hanya.

Rana ta fara yin ja. Manoma sun riga sun koma gida, don a 'yan shekarun nan ba mai son yamma ta same shi a daji. Sai ya ji ƙarar babur daga sama, tana saukowa a hankali, tana tsayawa, tana ci gaba. Ya san su wa ke yawo da babur a daji a irin wannan lokaci. Ya ɗauke numfashi.

Babur ya mutu daidai kwanar. Sai wata murya ta kira, "Saja. Saja Mika."

Prosper ne.

Kada ku ce nan take ya amsa. Wallahi sai da ya yi jim. Ya tuna kasuwa, ya tuna layin masu keke, ya san in ya amsa, har ya mutu ba za a daina ba da labarin nan ba. Sai ya sake gwada ɗaga hannun, hannun ya ƙi.

"Ga ni nan," ya ce. "Prosper, ga ni a rami. Kada ka tafi."

Prosper ya diro cikin kwazazzabon. Ya dubi keken da ya zama kamar an tauna shi, ya dubi mijin yayarsa. Bai yi dariya ba, bai yi tsokana ba. Wannan ya fi komai tayar wa Mika da hankali, don tun da ya auri Saloma bai taɓa ganin fuskar nan ba wasa ba.

"Irin na Dodo ne," in ji Mika. "Ɓarin ya tafi."

"Yi shiru, Yaya. Matse min yatsa."

Mika ya matse da ƙyar. Prosper ya janye ƙarfen keken da ya danne masa cinya, ya ce ya motsa babban yatsan ƙafa. Suka zuba wa yatsan ido su biyu. Can ya ɗan motsa. Prosper ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hannu.

A hanya, bayan ya kira mutane sun ciccibo shi, Prosper ya gaya masa yadda aka yi ya gano shi. Ƙararrawa ya kai wa Divine gida kyauta don ta sa a sabon kekenta. Yarinya ta ce wane keke? Saloma ta ambaci maganar likita. Sai wata mai itace ta ce ta ga Saja da safe yana tura keken yara ta hanyar dutse.

A asibiti aka ce ba shanyewar jiki ba ce. Kafaɗa ce ta goce, ƙafar kuma ƙarfe ne ya danne ta har ta mutu na ɗan lokaci. Amma jininsa ya hau ƙwarai, likita ya ce da ya kwana a ramin nan, da wani labarin ake yi.

Sai da aka sallame shi Prosper ya yi magana, kuma a ɗaki ya yi ta, ba a kasuwa ba.

"Dariya zan yi maka, Saja, ba musu. Aikina ne. Amma in na gama dariyar, ai keken da zai ɗauke ka zan ba ka. Ka gwammace yayata ta zama gwauruwa da in yi maka dariya?"

Saloma ta ce a ƙara wa Mika faɗa.

Da kafaɗa ta warke, da ƙafarsa ya koma shagon, ana tsakiyar cin kasuwa. Ya tsaya ya ce keke yake so, nasa na kansa, kuma bai iya hawa ba. Layin masu keke ya kwashe da dariya. Wani har da riƙe ciki. Mika ya tsaya ya shanye, ya ga ashe dariya ba ta fasa ƙashi.

Prosper ya fi kowa yi, sannan ya share hawaye ya shiga aiki. Ya fito da baƙin keke mai kaurin ƙarfe, irin wanda ake ɗora wa buhun dawa daga Ribah. Tayoyinsa masu faɗi, wayoyin wilin masu kauri da yawa. Ya canza masa sirdi ya sa babba mai laushi, ya sauke shi ƙasa yadda tafin ƙafafun Mika biyu za su taka ƙasa yana zaune. Ya sa sabon birki gaba da baya, ya cika tayoyin da iska tam. Ya ce gangare kuma, ko a mafarki ya gan shi ya sauka ya tura.

A filin ƙwallon firamare aka yi koyon, da rana tsaka, mata masu dawowa daga rafi suna tsayawa kallo. Prosper na riƙe da kariyar ɗora kaya ta baya yana gudu yana haki, yana cewa gara ya tura motar yashi. Mika kuwa idonsa a kan taya, bakinsa bai daina cewa kada ka sake ni ba.

Haka suka yi ta yi kullum. Wata rana Mika ya zagayo ta wajen bishiyar mangwaro yana ta faɗin kada ka sake ni, ya ɗaga kai, sai ga Prosper zaune a gabansa a inuwa yana cin gasasshiyar masara.

"Kai," in ji Mika. "To wa ke riƙe da ni?"

"Wanda ya saba riƙe ka," in ji Prosper, bai ko daina tauna ba.

Kan keken ya fara rawa. Ya matse birki, ya sauke ƙafafu biyu. Ƙafafun suka sami ƙasa, keken ya tsaya cak a ƙarƙashinsa, ko ƙara bai yi ba.

Ya daɗe a haka yana mayar da numfashi. Sannan ya ɗora ƙafa a kan feda ya sake tafiya.

Darasi: Wanda ya ɓoye girmansa, za a yanka masa rigar da ba tasa ba. In za ka nemi abin da zai ɗauke ka, keke ne ko shawara ko magani, faɗi gaskiyar nauyinka da iyakar iyawarka, ko da za a yi maka dariya. Dariyar mutane ba ta kwantar da kowa a asibiti, girman kai ne ke yi. Ku tura wa wani babban mutum da kuka san yana jin kunyar cewa "ban iya ba", wataƙila ku ne za ku hana shi faɗawa rami.