Gidan Rina Mai Baki Ƙasa

Dalilin da ya sa kuke ganin gidan rina a rataye ƙarƙashin rumfa, ɗakuna reras kamar saƙar zuma amma ko ɗigon zuma babu a ciki, girman kai ne kawai, yara. Ke Lantana, daina murza idon nan, kumburin zai saɓe. Zauna ki ji halin wadda ta harbe ki.

A da can Rina ba ta da gida. Inda rana ta faɗi mata nan take kwana, yau bayan ganye, gobe tsagar bango. Ga yanga, ga ƙugu kamar zare, amma ko ƙoƙon ajiya ba ta da shi. Sai wata shekara, damina na shirin tafiya, ta ji ƙwai ya cika mata ciki. Ta san in rani ya shigo furanni suka bushe, 'ya'yan da za ta ƙyanƙyashe ba su da abin kaiwa baki.

Ƙaninta Zanzaro, mai gini da laka, ya ce mata, "Yaya, ki tafi kogon kuka wurin Gwaggo Zuma. Ita ce ta iya ɗakin da ke riƙe abinci har wata damina. Ki durƙusa ki gaishe ta, za ta koya miki."

Rina ta tafi, amma durƙuson nan bai samu ba. Daga tsaye ta jefa gaisuwa kamar mai ba da sadaka. Zuma tsohuwa ce mai haƙuri, ba ta kula ba.

Ta ce, "Koyon nan kwana uku ne, 'yata. Yau in nuna miki yankan ɗaki. Gobe abin da ake ginin da shi. Jibi inda bakin ɗaki zai kalla. Na jibin nan shi ne aikin gaba ɗaya."

Rina ta tsaya tana kallo, tana karkaɗa ƙugu. Ta ga ana fitar da ɗaki mai kusurwa shida, wannan manne da wancan. Kafin azahar ta taɓe baki.

"Wai wannan ne ake ta zuzutawa? Gwaggo, ai na iya."

"Ki dai dawo gobe."

"Gobe ina da aikin yi."

Zuma ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ta juya ta ci gaba da aikinta.

Ku ji fa, ɗalibar rabin wuni za ta yi gini! Da ta zo farawa sai ta tuna ba ta san da me ake yi ba. Maimakon ta koma ta tambaya, ta sami tsohuwar dirkar rumfa ta yi ta kankara, ta tauna, ta kwaɓa da miyau. Abin ya fito toka-toka, sakwat kamar tsohuwar takarda, ita kuwa tana ta yaba kanta.

Zanzaro ya leƙo ya ce, "Yaya, ki jingina shi da bango mana, ya sami ƙarfi."

"Ni in haɗa bango da wani? Allah ya sawwaƙe."

Ta rataye shi da ɗan siririn tsinke guda ɗaya. Saura bakin ɗaki, kuma nan ne wautar ta cika. Ta ce, "Gwaggo ta ɓoye nata a duhun kogo, wa yake gani? Ni nawa ƙasa zai kalla, duk mai wucewa ya ɗaga kai ya ga aiki."

Ta manna ƙwayayenta a ciki, ta fita neman ruwan fure. Wuni guda tana jigila. Tana zubawa a ɗaki, yana ɗiga ƙasa, ɗis, ɗis. Kafin la'asar tururuwa sun yi dafifi a ƙarƙashin rumfar, suna lasa suna ɗaga murya: "Hajiya, Allah ya saka da alheri! A ƙaro!"

Kuna tsammani ta gane? Ina! Ta ce laifin ɗakin ne, ta gina wani a gefensa. Shi ma ya zubar. Ta ƙara wani, ta ƙara wani, tana kewayawa, gida yana ta faɗi kamar faifai, kowane ɗaki baki ƙasa.

Zanzaro ya dawo, ya ce, "Yaya, don Allah ki koma. Kwana biyu kacal suka rage miki, ga furanni sun fara bushewa."

Ta ce, "Gara in mutu."

Ba ta mutu ba, 'ya'yanta ne suka sha wuya, kuma su nake tausayi. Suka ƙyanƙyashe a tsakiyar rani, kai a ƙasa, baki buɗe, gida mai ɗaki ɗari babu lomar abinci. Mai yangar nan sai ga ta tana bin ganye tana farautar tsutsa, ta tauna da bakinta ta ɗura musu. Waɗanda suka rayu suka tashi, ta koya musu iyakar abin da ta sani, wato karatun rabin wuni. Su ma suka kama ƙara ɗakuna.

Ana nan, wata safiya Zuma ta biyo ta wurin. Ta tsaya, ta ɗaga kai, ta daɗe tana duban gidan. Ba ta yi dariya ba, kuma da ma dariyar ta yi da ya fi sauƙi.

Ta ce, "Sannu da aiki, 'yata. Ɗakunan sun yi kyau. Jibin nan dai har yanzu ina jiranki."

Kunya ta rufe Rina tun daga kai har ƙugu. Daga ranar, duk wanda ya ɗaga kai ya dubi gidanta gani take kirga mata ɗakunan banza yake yi, sai ta taso masa da harbi.

Shi ya sa har yau gidan rina yake reto da tsinke ɗaya, kullum ana ƙara ɗaki, kullum babu zuma. Gidan da ta kifar musamman don a kalla, yanzu ba abin da ta tsana kamar a kalle shi. Ke kuwa Lantana, ba tsokanarta kika yi ba. Kai kawai kika ɗaga.