Ranar da Kwaɓin Fiza Ya Tashi a Cikin Bunsuru

Yara, kun taɓa ganin abin da ba shi da ƙafa, ba shi da fiffike, amma yana tashi? Idan ba ku taɓa gani ba, ku matso ku ji yadda wannan tambaya ta kusa fasa cikin wani.

An yi wani Bunsuru a bakin kududdufi, mai gemu har ƙirji, wanda tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cewa ya ƙoshi ba. Maƙwabciyarsa ita ce Bushiya, 'yar ƙarama mai natsuwa. Ta taɓa zama a bayan wani gidan burodi a birni, tana leƙe ta ramin bango, har ta iya wani abinci da ake kira fiza: burodi mai faɗi kamar faifai, da tumatir da albasa da cuku a kansa.

Wata rana Agwagwa, sarauniyar surutu, ta ƙyanƙyashe 'ya'ya goma sha ɗaya. Kafin ranar suna ta gama zaga gari tana shela: "Bana ba waina, ba funkaso! Fiza za a ci a gidana bayan la'asar!"

Ranar suna da azahar Bushiya ta shiga madafin Agwagwa don ta yi mata fizar. Bunsuru ya bi ta, wai zai taimaka.

Ta zuba yis da ɗan sukari a ruwa mai ɗumi, ta jira har ya yi kumfa. Ta juye shi cikin fulawa, ta sa gishiri da man gyaɗa, ta yi ta murzawa har kwaɓin ya daina manne mata a hannu. Sannan ta ajiye shi a ƙwarya ta rufe da tsumma.

"To, a kawo cokali," in ji Bunsuru.

"Wane cokali, Yaya Bunsuru? Ɗanye ne fa! Barinsa za a yi ya kwanta. Za ni lambu neman tumatir, ka tsare mini shi. Kada ka buɗe, nan da awa ɗaya zai tashi."

Bunsuru ya zaro ido. "Zai tashi? Ya tafi ina?"

"Ba ya zuwa ko'ina. Yis ɗin nan mai rai ne, shi yake..."

"Na sani, na sani!" Bunsuru ya katse ta yana shafa gemu. "Ke ƙanwar bayana za ki koya mini girki? Tun ba a haifi kakarki ba nake cin kwalin burodi."

Bushiya ta tafi. Bunsuru ya zauna ya zuba wa ƙwarya ido. Zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Shi dai a saninsa, zabo yana tashi, fara tana tashi, har baƙo idan ya ga abinci ya ƙare yana tashi. Kuma Bushiya da bakinta ta ce abin mai rai ne.

Can sai ya ga tsumman ya ɗan ɗago. Ya murza ido. Tsumman ya ƙara ɗagowa.

"La'ila! Ya farka!"

Ya leƙa. Kwaɓin ya kumbura, ya yi sumul, yana ƙamshi mai sa yawu ya tsinke. Bunsuru ya daka masa tsawa: "Kai, koma ka kwanta!" Ya danna shi da kofato, kwaɓin ya ce "fuuus", ya lotsa, sannan a hankali ya fara dawowa.

"Au, har da tsaki? To, amana aka ba ni. Akwai ɗaki guda da ba wanda ya taɓa shiga ya fita."

Ya lashe gefe. Ya lashe ɗaya gefen don su yi daidai. Kafin ya gama yi wa kansa bayani, ƙwarya ta koma fes.

Abin da Bunsuru bai tsaya ya ji ba shi ne, yis ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Suna cin sukari, suna fitar da iska, iskar ce ke kumbura kwaɓi. Kuma ba abin da suke so irin wuri mai ɗumi. Ina ya kai cikin bunsuru ɗumi?

Cikin ya ce "ƙululu". Ya ce "gurrr". Bunsuru ya ga gara ya sulale gida kafin a dawo. Ya sa kai a ƙofar madafi, kai ya wuce, kafaɗa ta wuce, ciki ya ce ba inda za shi. Ya yi gaba, ya yi baya, ya maƙale cak kamar murfin kwalba.

Agwagwa ta fito ta gan shi. "Wayyo, jama'a! Wa ya toshe mini madafi da ganga?"

Bushiya ta iso da tumatir, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta shiga, ta fito da ƙwarya wayam.

"Yaya Bunsuru, ina kwaɓina?"

"Ya tashi," in ji shi da 'yar murya. "Na yi ta kama shi..." Sai gyatsa ta ƙwace masa, "gaaat!", ƙamshin yis ya cika tsakar gida.

Agwagwa ta ɗora fiffike a ka. "Na shiga uku! Na gayyaci har zabin hayin rafi! Me zan ba su, gyatsa?"

"Kwantar da hankalinki, Maijego," in ji Bushiya. "Kawo fulawar da kika ajiye don cincin."

Ta sake kwaɓawa. Amma hadari ya rufe rana, gari ya yi sanyi, ga la'asar ta matso. A sanyin nan kwaɓi ba zai tashi da wuri ba. Bushiya ta duba hagu, ta duba dama, sai ta dafa cikin Bunsuru. Zafi rau kamar murhu.

"Alhamdulillahi. Yaya, yau kam za ka taimaka."

Ta ɗora masa ƙwarya a gadon baya, Agwagwa ta tsaya a kansa da muciya. "Ka motsa ka gani!"

Kafin a yi sallar la'asar kwaɓi ya ninka. Bushiya ta murza shi da kwalba ya yi faɗi, ta shafa tumatir, ta barbaɗa albasa da cuku, ta gasa a kasko, garwashi sama da ƙasa.

Baƙi suka cika gida, suka zauna daidai gaban hancin Bunsuru suna ci, cuku yana jan zare. Bushiya ta yanko masa yanki mafi girma ta kai masa baki.

Bunsuru ya dubi fiza, hawaye ya gangaro masa har gemu. A karo na farko a rayuwarsa ya ce, "Na ƙoshi."

Sai da aka shafe shi da sauran man gyaɗa, zabi bakwai suka ja gemu, sannan ya fice daga ƙofar, "fut!"

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya katse mai bayani da "na sani" zai ƙarasa jin bayanin a jikinsa, kuma kwaɗayi gwani ne wajen samo wa kansa hujja. Yanzu ku roƙi Mama ta ba ku fulawa gwangwani biyu da ɗan yis, ku kwaɓa tare, ku rufe, ku zauna ku ga yadda yake tashi. Amma don Allah, ku bar shi ya tashi a ƙwarya.