Kuregen da Ya Rufe Ƙofar Shari'a

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A da can, a gindin tsamiya Alƙali Kunkuru yake shari'a. Kowa ya zo ya ji, kowa ya zo ya gani. In ya so ya karkata, idon jama'a ya miƙar da shi.

Ran nan Bushiya ta kai ƙarar Kurege, ya kwashe mata gyaɗa, a kan idon Ƙadangare kuwa. Kurege ya cika ƙwarya da gyaɗar, ya lallaɓa gidan alƙali.

"Allah ya gafarta Malam, babba kamarka yana shari'a, har kaji na tsoma baki? A koma zaure mana, daga mai ƙara sai wanda ake ƙara."

Kunkuru ya tauna, ya tauna, ya ce daga yau doka ce. Kurege da hannunsa ya kafa ƙyaure, ya kwaɓa laka, ya liƙe har 'yar kafar da Ƙadangare zai leƙo. Aka yi shari'a ba shaida, Bushiya ta fito tana share hawaye.

Kaka ta yi, rumbun Kurege ya cika da guminsa, karo na farko a duniya. Sai Kura ta ce rumbun nan gadon kakarta ne, har da mai gadinsa, wato shi Kuregen.

Aka shiga zaure, aka ja ƙyaure.

Kurege ya ce, "Malam, duk gari sun ga ina gina shi. A kira su."

"Doka ta hana, ɗan nan."

Sai ga bugun ƙofa. Muryar Bushiya ce: "Malam, na Kurege ne, ni na gani. A buɗe in faɗa."

Kura ta yi hamma, haƙora waje. Alƙali ya mai da kai cikin ƙoƙon bayansa, daga can ciki ya ce, "Na Kura ne, rumbu da mai gadi."

Kurege ya duba bango, ba kafa ko ɗaya, aikinsa ya yi kyau. Ya kama tonon ƙasa, da ƙyar ya ɓulla bayan gari da ransa. Rumbu ya tafi. Amma ba rumbun ne ya fi ci masa rai ba, muryar Bushiya ce a bayan ƙyauren da ya kafa. Kunya ta hana shi komawa gari har yau.

Shi ya sa kuke ganinsa a bakin hanya, tsaye kan ƙafa biyu, yana waige-waige. Shaida yake nema.

Ƙurunƙus, ta ƙare. In za ku liƙe bango, yara, ku bar kafa daidai jikinku.